Neman shawara: ƙawata gidan bulo da kayan ƙasa, kaba da fata a Sakkwato

Amaryar Arkilla ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da yayyena na wannan zaure, ina neman shawararku a kan gyaran gida. Ni da maigidana mun kusa kammala gininmu a Arkilla, ginin bulo da rufin kwano, ɗaki biyu da falo da ɗan tsakar gida. An yi filasta, amma ba a yi fenti ba, ba a kuma sa tayil ba. Abin da aka saba gani a gidajen sa'o'ina shi ne kafet daga bango zuwa bango, da labule mai nauyi, da fulawar roba a kowane lungu, ni kuwa raina bai kwanta da wannan tsari ba, domin na san irin ƙurar da kafet ke tarawa da hunturu, na kuma san yadda irin wannan ɗaki yake komawa a watan Afrilu idan aka ɗauke wuta.

Burina shi ne in yi amfani da kayan da ƙasarmu ke bayarwa, kamar tabarmar kaba, ƙwarya, fata, tukwane da shuke-shuke, waɗanda idan sun tsufa za su ruɓe su koma ƙasa, ba su je su toshe magudanar ruwa ba. Shin ana iya yin yaɓen ƙasa a kan bangon bulo, kuma zai rage zafi? Yaya ake kare tabarma da ƙwarya daga gara? Waɗanne shuke-shuke ne za su rayu a gidan da a hannun 'yan garuwa ake sayen ruwa? Akwai kuma abin da ya fi damuna, wato kada dangin maigida su shigo su ɗauka rashin hali ne ya sa muka yi haka. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Tsohon Magini ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya sanya albarka a gidan, ya sa ku shiga a sa'a. A ginin ƙasa na tashi kafin siminti ya mamaye sana'ar, saboda haka zan tsaya a kan bango da daɓe, sauran kuma in bar wa masu shi.

Sanyin da ake ji a cikin tsohon soro daga kaurin bango yake zuwa. Bangon tubali daga gindi yakan kai kamu ɗaya ko fiye, zafin rana kuma sai ya ɗauki sa'o'i kafin ya ratsa shi, shi ya sa ɗakin yake da sanyi da azahar, da dare kuma bangon ya fara sakin zafin da ya sha, mutane su fito tsakar gida su kwana. Bulo mai inci 6 ko 9, ga rami a cikinsa, ba zai yi wannan aikin ba, yaɓen ƙasa mai kaurin yatsa a kansa kuma ba zai ƙara masa komai ba ta fuskar zafi. Bugu da ƙari, ƙasa ba ta kama filastar siminti mai santsi da kyau, tana bushewa sai ta fara ɓanɓarowa. Mafi yawan zafin gidanku daga kwano yake saukowa, sai kuma bangon yamma wanda rana ke duka tun daga azahar har faɗuwarta. Idan kuɗin da ke hannu kaɗan ne, a fara da sili mai kyau, a bar ƙofofin iska tsakaninsa da kwano domin zafin da ya taru ya samu mafita, a sa musu raga saboda jemage, sannan a yi wa bangon yamma rumfar zana. Wannan rumfa ita kanta ado ce, kuma za ta yi muku aikin da duk kayan da za ki rataya a falo ba za su yi ba.

Game da launin bango kuwa, kin yi sa'a da ba a riga an yi fenti ba, domin farar ƙasa tana kama filastar da ba a shafa mata komai ba, amma ba ta zama a kan fentin mai. Iri biyu ce. Akwai wadda ake haƙowa a jiƙa a tace a shafa, irin wadda iyayenmu mata ke gyara ɗaki da ita idan salla ta ƙarato, akwai kuma wadda ake gasawa daga dutse, irin dutsen nan da ke Kalambaina wanda saboda shi aka kafa masana'antar siminti a can. Ta biyun ta fi ƙarko, amma tana cin hannu, kuma haɗari ce ga ido, don haka a bar wa mai aikin da ya saba da ita. Ta farkon aibinta shi ne tana gogewa a jikin tufafi, maganin wannan kuwa a jiƙa ƙaro ya narke, a tace, a zuba a ciki kafin a shafa. Idan kina son launin da ba fari fat ba, a ƙara 'yar jar ƙasa da aka tankaɗe. A gwada a wani lungu tukuna a bari ya bushe, saboda launin jiƙaƙƙe da na busasshe ba ɗaya ba ne.

Inda ƙasa za ta yi miki kyau sosai shi ne tsakar gida. A gina dakalin zama na tubali a ƙarƙashin rumfar, a yaɓe shi da makuba, wato ɓawon 'ya'yan ɗorawa da aka daka aka jiƙa, wanda ruwansa ke sa yaɓe ya yi duhu, ya yi tauri, ya jure wa ruwan sama. Da shi ake yin daɓe ma, a baza tsakuwa a yi ta duka da madaɓi ana yayyafa ruwan makuba har ya yi sumul. A da har laso muke yi wa manyan soraye, wato yaɓe mai hana ruwa shiga, wanda ake haɗawa da katsin marina (abin da ke kwantawa a gindin rijiyar rini) da gashin jima da dafara, amma yanzu da marina suka ragu samun katsi ya yi wuya, kuma masu iya haɗin sun ƙaranta. Sharaɗi ɗaya ne, kowace shekara kafin damina sai an duba an sabunta yaɓen. Wanda ba zai iya wannan ba, gara ya haƙura da ƙasa tun farko.

Inna ta Ƙofar Rini ta amsa:

Ɗiyata, Malam ya gama maganar bango, ni bari in shiga ɗaki. Batun dangin miji kada ya hana ki barci, domin yayin kayan ɗaki ba ya zama wuri ɗaya. A zamanin iyayenmu jeren amarya ƙore ne da faya-fayi da tasoshi, mu aka yi mana na langa, 'ya'yanmu aka yi musu na tangaran a cikin kabet, kuma kowane zamani da ya zo sai ya raina wanda ya gabace shi. Abin da mutane ke dubawa idan sun shiga ɗakin mace shi ne tsabta da tsari da ƙamshi. Shawarata ita ce ki bar kujeru a falo saboda baƙi maza da tsofaffi irinmu masu ciwon gwiwa, kada ki ce kowa sai ya zauna a ƙasa, sannan a madadin kafet ki shimfiɗa tabarma babba mai kyau, wadda za ki iya naɗewa ki share ƙarƙashinta kullum. Kada kuma ki cika bango da rataye-rataye har falon ya koma kamar rumfar mai sayar da ƙwarya. Ƙore uku ko huɗu masu zane mai kyau, da faya-fayi 'yan kaɗan masu launi a bango guda, sun wadatar, sauran bangon a bar shi ya huta.

Idan kin je sayen tabarmar kaba, ki buɗe ta ki ɗaga ta saitin haske. Wadda haske ke ratsawa da yawa saƙarta ba ta matsu ba, ba za ta yi ƙarko ba. Ki duba bakinta ma, domin daga nan take fara warwarewa. Gara kuwa daga ƙasa take fitowa, danshi da duhu take bi, kuma ba ta cin abin da ake motsawa kullum. Tabarmar da ake ɗagawa a share, a kai rana lokaci-lokaci a kaɗe, ba ruwanta da gara. Wadda ake ɗora wa akwati a manta da ita har damina ta wuce, ita ce ake tararwa ta zama gari. Ƙwarya a rataye ta, kada a jingina ta a ƙasa, kuma duk inda kika ga siririyar hanyar ƙasa tana hawa bango ki karya ta nan take, ki nemo inda ta faro. Busasshen ganyen dogon yaro muke sawa a cikin adaka da ƙarƙashin shimfiɗa saboda ƙwari, yana taimakawa, amma ba ya maye gurbin tsintsiya.

Abu biyu ne nake so kada ki bari su wuce ki. Na farko randa, a girke ta a inuwa inda iska ke bi, a kan yashi mai danshi, a rufe da faifai, a ajiye mata moɗa guda wadda ba a sha da ita. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa, shi ke sanyaya na ciki, don haka kada wani ya ba ki shawarar shafa mata fenti wai don ta yi kyau, da an toshe mata jiki aikinta ya ƙare. Na biyu asabari a ƙofa da taga. Yana tare rana da idon mai wucewa amma yana barin iska ta shiga, kuma da bazara, lokacin da iska take a bushe, idan aka yayyafa masa ruwa sai iskar da ke ratsa shi ta shigo da sanyi. Ƙamshi kuma, kajiji da turaren wuta na gida sun fi na feshi daɗewa a jikin kaba da saƙi, sai dai a buɗe taga yayin da ake turarawa, musamman idan akwai jariri ko mai asma.

Baduku ya amsa:

Hajiya, ranki ya daɗe. Fata sana'armu ce ta gado, kuma a wannan fanni mutumin Sakkwato ba ya buƙatar neman kaya daga waje. Fatar jar akuyar Sakkwato ita ce wadda a da ayari ke ketare Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, inda aka riƙa kiranta fatar Maroko ana yi wa littattafai masu tsada bango da ita. Idan dangin maigida suka ga tumtum na fata ta gaske a falo, ba wanda zai kira shi kayan talauci, domin ya fi na leda tsada nesa ba kusa ba.

Tun da kina son abin da ba ya cutar da muhalli, ki tambayi yadda aka jeme fatar. Jimar gargajiya da 'ya'yan bagaruwa ake yin ta, jan launi kuma na asali daga karan dafi ake samunsa, alhali jimar masana'anta galibi da sinadarin kuromiyam ake yi, wanda ruwansa ke gurɓata rafi idan ba a tace shi ba. Yau da yawa daga cikinmu sun koma rinin kanti saboda sauƙi, don haka ki goga farin ƙyalle mai ɗan danshi a jikin kayan kafin ki biya, idan launi ya biyo shi to zai ɓata wa baƙi tufafi. Ki kuma shinshina, fatar da ba ta jemu da kyau ba wari take yi, kuma warin ƙaruwa yake da damina. A cusa tumtum da tsofaffin tufafi masu tsabta ko audugar rimi. Kada a ajiye shi inda rana ke duka, da hunturu a ɗan shafa masa man kaɗanya kaɗan don kada ya tsage, da damina kuma a riƙa fitar da shi ya sha iska saboda hunhuna.

Malamin Makaranta daga Dundaye ya amsa:

'Yar'uwa, iyayenmu sun ba da shawara mai amfani, ni kuma ina so in ja hankali a kan cewa kasancewar abu daga daji ya fito bai isa ya sa a ce amfani da shi kare muhalli ne ba. Na ga yadda wasu masu hali suka fara yayin yin rufin falo ko bukkar shaƙatawa da azara saboda kyau. Azara daga giginya ake tsaga ta, giginya kuwa sai ta shafe shekaru da dama kafin ta isa sara, kuma Jihar Sakkwato tana cikin jihohi 11 na Arewa da ke fuskantar kwararowar hamada, waɗanda shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 ya shafa. Idan an samu tsohuwar azara daga soron da aka rushe, madalla, tana da ƙarko kuma gara ba ta cika cin ta ba, amma a sare sabuwar giginya don ado kawai, a ganina ɓarna ce. Abin da ya fi dacewa shi ne wanda ke sake fitowa kowace damina, wato gamba ta zana, da karan dawa da na gero, da duman ƙwarya. Fatar akuya da ta tunkiya ma ba laifi, tun da don nama aka yanka dabbar.

Ƙasar da za a kawo gida ita ma a san inda aka ɗebo ta. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, sakamakon niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Ƙasa daga wurin haƙar ma'adinai, ko bola, ko inda ake fasa tsofaffin batura, ba ta shiga gidan da yara ke rarrafe.

Shuke-shuke kuwa, ki zaɓi masu jure fari kuma masu amfani. Zogale yana saurin girma, inuwarsa ba ta da nauyi, ga ganye na miya da kwaɗo. Lalle yana yin shinge mai kyau, furensa na da ƙamshi. Ɗoɗɗoya da na'a-na'a suna rayuwa a tukunyar ƙasa da aka huda gindinta, idan an ajiye su inda rana ba ta wuce ta hantsi ba. Dogon yaro, wanda asalinsa daga Indiya aka kawo shi, ya fi kowa inuwa a garin nan, amma a ƙofar gida ake dasa shi, nesa da bango da ramin masai, saboda saiwarsa. Shukar da ake kira kariya tana da fure mai ban sha'awa kuma a tsakiyar rani take yin sa ba tare da neman ruwa da yawa ba, sai dai ruwan jikinta dafi ne, don haka ban ba da shawararta ga gidan da ke da ƙananan yara ko awaki ba. Batun ruwa, na alwala da na wankin shinkafa da kayan miya sun isa, muddin babu omo a ciki. Akwai kuma dabarar binne ƙaramin tulu kusa da shuka har zuwa wuyansa, a cika shi a rufe, ruwan ya riƙa tsattsafowa kai tsaye zuwa saiwa maimakon rana ta shanye shi. Rufewar wajibi ce, domin ruwan da ya kwanta a buɗe kimanin mako guda ya ishi sauro ya ƙyanƙyashe.

Ga masu ganin ƙasa alamar rashi ce, a maƙwabtanmu na jihar Tawa ta Nijar akwai masallacin Yaama, ginin ƙasa na magini Falke Barmu, wanda ya samu kyautar Aga Khan ta fasahar gine-gine a 1986. A 2022 kuma Francis Kéré, ɗan Burkina Faso da ya yi suna da makarantar da ya gina da bulon ƙasa a ƙauyensu Gando, ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a fannin.

Ma'aikaciya daga Gawon Nama ta amsa:

Ƙanwata, ni ina da ɗan saɓanin ra'ayi. Duk abin da aka lissafa yana son hannu, shanya tabarma, sabunta yaɓe, shafa wa fata mai, ban ruwa safe da yamma, kuma macen da ke fita aiki tun safe, ga yara ga girki, ba lallai ta samu wannan sukuni ba. Tayil ba ya ruɓewa, gaskiya ne, amma yana iya shekaru masu yawa ba a canza shi ba, yana da sanyi a ƙafa, kuma goge shi ba ya cin lokaci. A ganina ki sa tayil ko ki bar siminti mai santsi a ƙasa, ki ɗora tabarma a kai, ki fara da abu kaɗan ki ga ko za ki iya riƙe shi har damina ta wuce kafin ki ƙara wani.

Amaryar Arkilla ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yaya ta Gawon Nama, maganarki ta shige ni, domin ni ma ina koyarwa. Mun tattauna da maigida, mun tsayar da cewa za a bar ƙasan ɗakuna da siminti mai santsi, a shafa farar ƙasa a falo da ɗakuna, a yi rumfar yamma da dakali. Baba Magini, tun da an hana mu sabuwar azara, da wane itace za a yi dirkokin rumfar, kuma wane lokaci ya fi dacewa da aikin? Sannan farar ƙasa za ta yi a madafa da banɗaki?

Tsohon Magini ya sake amsawa:

Ɗiyata, a madafa da banɗaki ki sa tayil inda ruwa da maiƙo ke fallatsa, farar ƙasa ba ta jure wanki, daga saman tayil zuwa sili ne za ta yi. Dirkoki kuwa, itacen bishiyar turare madaidaici ya isa, ko manyan rassan dogon yaro da aka sassabe, a ɓare ɓawon a bari su bushe. A babbake gindin kowace dirka a wuta kafin a kafa, mafi kyau ma a ɗora ta a kan ɗan tudun kankare da ƙarfe ya riƙe ta, yadda itacen ba zai taɓa ƙasa ba. Wasu suna zuba baƙin mai a ramin saboda gara, amma idan nan za ki dasa zogale, kada a zuba.

Lokacin aikin shi ne kaka, da zarar ruwa ya ɗauke, domin a sa'annan sabuwar gamba take shigowa, zana ta yi araha, kuma tubali ya samu ranar bushewa. Shafen bango a yi shi da sassafe kafin hunturu ya kankama, a jiƙa filastar tukuna, a shafa siriri-siriri sau biyu ko uku, ana barin kowane shafe ya bushe, saboda mai kauri idan iskar hunturu ta buge shi tsattsagewa yake. Rumfar kuma a nisanta ta da murhu da janareta, kuma kada mai gyaran wuta ya bi da waya ta cikin zanar sai a cikin bututu.